Daga Acaba Zuwa Sassaƙar Kyandir a Idi-Araba

Gidanmu gidan masu zanen ƙwarya ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Kazaure. Kakana ya yi, Babana ya yi, ni ma tun ina ƙarami nake zama gefensa ina juya masa wuƙaƙe a cikin garwashi. Ƙwaryar amarya, ƙwaryar nonon Fulani, ludayi, ƙoƙo, duk sai sun bi ta hannunsa kafin ranar kasuwa. Sai dai na tashi ne a lokacin da sana'ar take mutuwa. Roba ta shigo, kwanon silba ya shigo, uwar amarya ta daina neman ƙwarya sai ɗaya ko biyu don kada a ce an bar al'ada. Baba ya koma noma zalla, ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma ya soke a jikin azara. Da na isa neman na kaina, a 2012, na hau tirelar tumatir tare da wasu 'yan garinmu muka sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas.

Na yi dako, na tura baro, na yi ga-ruwa. Daga baya wani ɗan uwa ya tsaya mini na karɓi babur ina biya kaɗan-kaɗan har ya zama nawa. Na kama ɗaki a Idi-Araba, inda ko da tsakar dare ka fito za ka ji Hausa a teburin mai shayi, na je gida na yi aure na kawo iyalina. Acaba ta ciyar da ni, ta ciyar da iyayena, ba zan taɓa zaginta ba.

A Fabrairun 2020 aka ƙara taƙaita mana hanyoyi. Ran 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Muka ce to, ai da sauran wuri. Ran 1 ga Satumban 2022 ɗin aka ƙara da Mushin, Kosofe, Oshodi-Isolo da Shomolu, Idi-Araba kuwa cikin Mushin take. Abokaina wasu suka koma Arewa, wasu suka gangara bakin iyakar Ogun, wasu suka ci gaba da yi a ɓoye cikin dare. Ni ina da yara ƙanana, zuciyata ba ta iya ɗaukar wannan zullumin ba. Na sayar da babur, na zauna ina kallon kuɗin yana narkewa a cefane.

Akwai wata dattijuwa Bayarabiya da na daɗe ina ɗauka. Duk mako nakan kai ta kasuwar sinadarai ta Ojota, ta sayi kwalayen kaki, in ɗaure a bayan babur in kai mata gida a Ilasamaja, ita ta biyo mota. Kyandir take zubawa, irin dogayen nan farare da masu launi da ake amfani da su a cocin masu fararen riguna, 'yan Celestial da 'yan Kerubim da Serafim. Ita ta neme ni a waya.

"Malam, ina ka shiga? Ka koma gida ne?"

Na ce, "Ina nan, Mama, zaune nake."

Ta ce, "Namiji mai iyali ba ya zama. Gobe ka zo da sassafe, ka sa rigar da ba ka so."

Aikin ƙarfi ta ba ni da farko: fasa allunan kaki da guduma, ɗora tukunya, zura lagwani a mazubi, cire kyandir idan ya daskare, ƙirgawa da ɗaurewa. A wurinta na fara sanin kaki. Na san cewa daga ɗanyen mai ake tace shi, cewa lambar 58/60 da ke jikin kwali tana nufin digirin da yake narkewa, cewa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da sashen fitar da kaki amma wanda muke saye a Ojota daga China yake zuwa. Doka ɗaya ce Mama ba ta wasa da ita: ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Tukunyar kaki cikin tukunyar ruwa take zama, ruwan ne zai narkar da shi. In kuma tsautsayi ya sa ya kama, ba a zuba masa ruwa, don fallatsa zai yi ya bi mutum. A kashe gas a kife masa murfi. Akwai tabon ƙuna a damtsenta tun tana budurwa, shi take nuna wa duk sabon yaro kafin ta ce masa komai.

Amma raina bai kwanta ba. A majalisarmu an fara magana, wai wane ya koma yi wa coci kyandir. Wasu da wasa suke faɗa, wasu da gaske. Ni kaina abin yana yi mini ƙaiƙayi ko ba a faɗa ba. Bayan sallar isha wata rana na tsaya na sami limamin masallacinmu na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce in tashi in bar abincin 'ya'yana a daren nan ba. Ya ce kyandir dai abin haske ne, amma tunda na san inda waɗannan suke zuwa kuma zuciyata ba ta natsu ba, in roƙi Allah ya buɗa mini wata ƙofa a cikin aikin wadda zan natsu da ita, in ta buɗe kuma kada in yi nawa.

Ƙofar ta zo ta hannun 'yar Mama, wadda ke karatu a jami'a. Ta nuna mana bidiyo a wayarta: wata mata a Amurka ta rataye kyandir mai kauri, tana yanka shi da 'yar wuƙa tana murɗawa, sai ga furanni da ganyaye suna fitowa, kowace yanka da layukan launi a cikinta kamar alewar da mai alewa ya ja. Mama ta ce sun taɓa gwadawa, kakin ya yi ta tsagewa suka haƙura. Ni kuwa ba launin ne ya riƙe ni ba. Hannun matar nake kallo. Babban yatsanta yana tokare a bayan wuƙa, wuyan hannun ne ke juyawa, kyandir ɗin take juyawa da hagu tana kawo shi wurin wuƙa. Haka Baba yake riƙe ƙwarya. Na ce wa yarinyar ta sake kunnawa, ta sake kunnawa, har ta gaji ta tura mini a WhatsApp.

Da ragowar kuɗin babur na sa wani mai walda a Mushin ya haɗa mini dogayen gwangwanaye da mazubi mai kusurwa shida, na sayi rabin durom da ma'aunin zafi. Mama ta ba ni lungu a bayan gidanta, ta ce gutsattsarin kakin da ke zuba ƙasa duk nawa ne.

Ga yadda aikin yake, don mutane da yawa suna zaton da fenti ake zana shi. Da farko ana zuba uwar kyandir, fara, mai kusurwa shida, da lagwaninta a tsakiya, a bar ta ta kwana. Washegari a jera gwangwanaye cikin durom ɗin ruwan zafi, kowanne da launinsa, a tsayar da zafin tsakanin digiri 70 da 75. In ya wuce haka, sabon hawa zai narkar da wanda ke ƙarƙashinsa maimakon ya hau kai. In ya gaza, sai ya yi gudaje. Sai ka kama lagwani ka tsoma uwar a kaki, ka ciro, ka tsoma a bokitin ruwa, ka shafe ɗigon ruwan da tafin hannu, ka sake tsomawa. Ɗigo ɗaya in ka bari, zai zama ƙurji a jikin kyandir, kuma a daidai wurin zai ɓare lokacin yanka. Haka za ka yi ta yi har wajen sau talatin: fari, fari, shuɗi, fari, ruwan zuma, fari. Farin ne ke raba launuka su fito tsaf, shi ya sa ba a rowarsa. Kyandir ɗin yana ƙara nauyi a hannunka, zafi yana taruwa a cikinsa, kuma wannan zafin da ya taru shi ne jarinka.

Da ka rataye shi a ƙugiya, kana da kimanin minti goma sha biyar. Ka fara sare abin da ya tsiyaya a gindi. Sannan ka kama kusurwa ta farko daga ƙasa, ka shigar da wuƙa ka yanko siririn yanki ba tare da ka tsinke shi ba, ka nannaɗe shi ko ka murɗa, ka manna bakinsa da ɗan yatsa. Ka juya, kusurwa ta biyu. Sai ka zagaye shida ɗin nan kafin ka hau layi na gaba, kuma kowace yanka sai ta yi daidai da 'yar uwarta a tsawo da zurfi, ba ma'auni sai ido. A mintunan farko kakin ya yi laushi da yawa, abin da ka nannaɗe yana iya saki ya zube. A na ƙarshe ya fara tauri, in ka tanƙwara sai ka ji ƙas. Tsakanin nan ne wuƙa ke tafiya ba gardama, kana ji a yatsunka. Ba gogewa, ba komawa baya. Abin da ka yanka ya yanku.

Saboda haka nake kashe fanka in rufe ƙofa, ko da zafin Maris ne, gumi na zuba ta gwiwar hannu. Waya tana kashe. Kuma ban taɓa fara tsomawa ba sai na duba agogo, don kada kiran salla ya same ni da kyandir rataye rabi a yanke. Zafin Legas da kowa ke kuka da shi ni taimakona yake yi, yana ƙara mini 'yan mintuna. Ɗan hunturun da ke leƙo mu a Disamba da Janairu shi ne abokin gaba, kuma a daidai lokacin ne aiki ya fi yawa.

Tsagewar da ta kori su Mama ni ma ta same ni. Kakin fetur zalla yana da gautsi. Akwai wani kaki mai danƙo da ake haɗawa da shi, amma tsadarsa ta fi ƙarfina a lokacin. Sai na tuna a ƙauyenmu in an matse zuma zubar da saƙar ake yi, mu yara mu ɗauka mu yi ta mulmulawa ba ta karyewa. Na je Agege wurin masu sayar da zuma, 'yan uwanmu, na ce su tara mini saƙa. Suka yi mamakin mai sayen abin da suke zubarwa. Na dafa, na tace da tsumma, na riƙa ƙara kaɗan-kaɗan a cikin launuka har yanka ta daina karyewa. Illarsa ɗaya, yana sa fari ya yi ɗorawa-ɗorawa, don haka a gwangwanin fari nake rage hannu. Har yau ban daina sa shi ba ko da na sami halin sayen wancan, saboda ƙamshinsa.

Wani abin da nake so duk mai sha'awar aikin ya sani: garin launin da ke sa hawa ya fito da ƙarfi ba ya narkewa a kaki, yawo yake yi a ciki, kuma yana toshe lagwani. Shi ya sa uwar take zama fara ba launi, launin a waje kawai yake. Masu narka kalar zanen yara su zuba a kyandir, wannan ne dalilin da wutarsu ke mutuwa. Idan an kunna irin namu, tsakiyar ce ke ci ta yi rami, bangon da aka sassaƙa ya tsaya hasken yana fitowa ta cikinsa. In ramin ya yi zurfi sai a riƙa saka ƙaramin kyandir mai gwangwani a ciki, adon ya shekara ba abin da ya same shi. Ƙarshen aiki shi ne tsoma shi a man sheƙi bayan ya huce, don ƙura da danshin Legas.

Ranar da na fito da na farko wanda ba ya da aibi, Mama ta ɗauke shi ta juya ta juya. Na gaya mata gaskiya cewa ina so in bar zubin na coci in kama wannan. Na ji tsoron za ta ga butulci. Ta ce, "Ƙanena Alhaji ne, a gida ɗaya muka tashi. Na san abin da ke ranka tun tuni. Kama aikinka, amma kaki a wurina za ka riƙa saye." A kan haka muka tsaya.

Cinikin farko daga wata mai ƙawata zauren biki ya zo, 'yar Mama ce ta haɗa mu. Daga nan hotuna suka fara yawo a Instagram. Yarbawa mutanen biki ne, kuma suna son kyandir ya dace da launin ankonsu, sai a aiko mini da ƙyallen yadi in haɗa launi a kansa. Wannan fannin uwargida ce ta karɓe shi, don idonta ya fi nawa ganin bambancin ja da ja. Da na koma aiki a gida, ita ke auna gari, ta ɗiga a farin faranti, ta jira ya daskare, ta kara da ƙyallen a hasken rana, don launin kaki yana canzawa in ya huce. Tana cewa, "Maigida, wannan bai kai ba," kuma ban taɓa ganin ta faɗa ya zama ba haka ba.

Abin da ban zata ba shi ne matanmu. Wata Hajiya a unguwarmu za ta aurar da 'ya, ta ga ɗaya a ɗakinmu ta ce a yi mata guda huɗu na jere. Daga wannan ɗakin amaryar aka yi ta aiko mini, daga Agege, daga Alaba Rago, har daga Obalende. Galibinsu ba sa kunnawa ma, a kabet suke ajiyewa tare da kwanuka. Ba na yin siffar mutum ko dabba, furanni ne da ganye da igiya. Na daɗe ina fama da dagin Arewa, don sai an yanko dogayen zare huɗu an saƙa su kafin su huce, yanzu yana fitowa, kuma shi aka fi nema. Mutanen majalisar da suka yi magana a da, cikinsu akwai wanda ya zo da kansa ya yi wa ƙanwarsa oda.

Ba zan ce komai daɗi ba ne. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kaki kuwa da dala ake shigo da shi. Gas ma ya bi. Akwai watannin da nake narka duk wani guntu da ya faɗi ƙasa in yi uwa da shi. Kai kaya ma aiki ne mai zaman kansa. Kyandir ba ya son cunkoson Legas: in rana ta same shi a kan gadar Third Mainland, furannin saki suke yi. Da asuba nake fita, kowanne naɗe da soso a cikin kwalinsa, kuma a danfo ba na yarda a sa mini kaya a baya, don injin a can yake. A cinyata nake riƙewa, in biya kujera biyu in ta kama. Ga masu cewa, "Kyandir ne fa, don me zai yi wannan kuɗin?" Irin waɗannan nakan ce su zo su tsaya a ɗakin nan fanka a kashe su ga an yi guda ɗaya.

Da babbar sallar bara na je gida, na tafi da guda ɗaya a cikin kwali. Idon Baba ya yi rauni sosai, sai dai ya gane mutum da murya. Na sa masa a hannu ban ce komai ba. Ya bi shi da yatsu daga ƙasa zuwa sama, layi bayan layi, yana tsayawa a kan kowace yanka. Ya tambaya mene ne, na gaya masa. Ya ce, "A Ikko ake sayen wannan?" Na ce ana saye, Baba. Ya sake komawa layi na uku ya tsaya.

"Auta, a nan wuƙarka ta yi gaggawa."

Gaskiyarsa, a nan ne kakin ya fara hucewa. Ba wanda ya taɓa gani cikin duk waɗanda suka kalli kyandir ɗin da ido biyu lafiyayyu. Ya sa aka sauko masa da tsumman nan daga azara, ya lalubo wata 'yar siririya mai lanƙwasasshen baki wadda yake fitar da ganye da ita a jikin ƙwarya, ya miƙo mini. Na kai wa maƙeri ya wasa ta ya sake mata ƙota. Da ita nake yin layin sama yanzu, inda yanka ta fi ƙanƙanta.

A yau ina da yara biyu da ke koyo a wurina, dukansu tsofaffin 'yan acaba ne. Ɗaya hannunsa ya faɗa, ɗayan har yanzu a tsomawa yake, kuma na gaya masa ba zai taɓa wuƙa ba sai ya iya fito da hawa talatin ba ƙurji ko ɗaya. Wurin da muke aiki ya yi mana kaɗan, ina neman shago a kusa wanda ba rufin kwano zalla ba ne, saboda zafin rana a kan kayan da aka gama. Mama ta tsufa, ƙafa ta hana ta zuwa Ojota, ni nake yi mana sayayya mu biyu duk mako, a Keke Marwa da danfo. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Duk ɗan uwan da ke zaune a Idi-Araba ba aiki kuma yana jin zai iya jure zafi, ya tambayi mai kyandir a majalisar bakin masallaci za a nuna masa. Ya zo bayan azahar, da rigar da ba ya so, don kaki ba ya fita a wanki.